Ido Mai Aikin Kunne: Nazarin Lamarin Yarinya Kurma 'Yar Wata 18 da Mahaifiyarta Mai Ji

Yarinyar da wannan nazari ya ginu a kanta wata 18 gare ta, 'yar fari ce, kuma kurma ce tun haihuwa. Ba a ba ta suna a nan ba, domin siffa ce ta lamarin da ake yawan cin karo da shi, an tattara shi wuri guda don a ga yadda abin ke tafiya. Uwa da uba duk suna ji, kaf dangin babu kurma, babu kuma wanda ya taɓa koyon maganar hannu. Haka yawancin kurame ke tashi. Ƙididdigar Amurka ta nuna sama da 90 cikin 100 na yara kurame iyayensu masu ji ne.

Sai da ta kai wata 14 aka gane. Wannan jinkiri yana da dalili. Jariri kurma yana kuka, yana dariya, yana gwalan-gwalan a watannin farko kamar kowane jariri. Bambancin yana fitowa ne wajen maimaita gaɓa irin "ba-ba-ba" da "da-da-da", wadda mai ji kan fara kafin ya wuce wata 10, kurma kuwa takan makara masa sosai. Gwajin gida ma yana yaudara: an tafa hannu a bayanta ta waiga, alhali iskar tafin ta ji a wuyanta, ko inuwa ta gani a bango. Kaka ta ce nauyin baki ne, ubanta ma sai da ya shekara biyu ya yi magana. Da aka je sashen kunne na asibiti aka yi mata gwajin ABR, wanda ake manna wayoyi a goshi da bayan kunne yaro yana barci, sai aka ga babu amsa a kunnuwan biyu har sama da desibel 90 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne). Hirar yau da kullum kusan desibel 60 ce. Ke nan muryar uwarta ba ta taɓa isa gare ta ba. Ƙa'idar da likitocin Amurka suka shimfiɗa ita ce a tantance jin jariri kafin ya cika wata 1, a tabbatar da matsalar kafin wata 3, a fara taimako kafin wata 6. Wannan yarinya ta wuce duka ukun.

Abin da ya dami uwar a wata na 18 ma ba rashin maganar ba ne, ta riga ta rungumi wannan ƙaddara. Kukanta shi ne yarinyar "ba ta kula mutane". In ta samu abin wasa sai ta duƙufa a kansa kamar ita kaɗai ce a duniya. In tana son ruwa sai ta ja zanen uwar zuwa bakin randa ba tare da ta dubi fuskarta ba. In an hana ta abu sai birgima da buga kai a ƙasa. Wata maƙwabciya har ta fara raɗe-raɗin ko otizim ne, lalurar da ke sa yaro wahalar cuɗanya da mutane.

Inda abin ya karye

Tsakanin wata 9 da 12 yaro kan fara wani abu da masana ke kira haɗin hankali: shi da babba su sa hankali a kan abu guda, kowannensu kuma ya san ɗayan na tare da shi a kai. Ya ga kaza, ya waigo ya dubi uwarsa, ya koma ga kazar, wani lokaci ya nuna da yatsa. Roger Bakeman da Lauren Adamson sun bi jarirai daga wata 6 zuwa 18, suka wallafa a 1984 cewa abin hawa-hawa ne. Da farko uwa ce ke riƙe da zaren: suna wasa da abu ɗaya amma yaron bai cika ɗago kai ba. Daga baya ne yaron da kansa ke kai idonsa da komowa tsakanin abin da mutumin. A cikin wannan kai-komo ake koyon sunayen abubuwa, a cikinsa ne kuma yaro ke karanta fuskar babba ya gane abu na tsoro ne ko na dariya.

Yaro mai ji ƙofa biyu gare shi. Idonsa na kan kaza, kunnensa na ɗaukar "ga kaza, kaza ce" a lokaci guda. Kurma ƙofa ɗaya gare shi, kuma kaza da sunanta duk ta nan za su shiga, ɗaya bayan ɗaya. David Wood da abokan aikinsa a Jami'ar Nottingham ta Ingila sun yi bayanin wannan rabuwar hankali tun cikin shekarun 1980. Uwa mai ji ba ta san da matsalar ba, don duk rayuwarta magana da nuni tare suke fita, ba ta taɓa buƙatar jera su ba.

Hanya mafi sauƙi ta ganin abin ita ce a jingina waya a ɗauki bidiyon minti 10 na uwa da 'ya a kan tabarma, fuskokin biyu na fitowa, sannan a kalla a hankali ana tsayarwa. Ga abin da ke fitowa a wannan gida. Uwa ta miƙo ƙaramin ludayi da kwano. Yarinya ta karɓa, ta sunkuya tana buga ludayin a kwano. Uwa na bayanta ta gefen dama tana cewa "ludayi, ludayi ne, ki ce ludayi", har tana kwatanta shan koko da hannu. Duk a ƙeyar yarinyar ya sauka. Can yarinyar ta ɗago, ta dubi uwar, kallon da bai fi daƙiƙa ɗaya ko biyu ba. A daidai wannan lokacin uwar ta gama magana, ta juya tana ɗauko wani abin wasan. Yarinya ta ga gefen fuska babu komai a kai, ta mayar da kai ƙasa. Uwa ta gaji, ta kama haɓarta ta juyo da ita. Yarinya ta fizge, ta jefar da ludayin.

Abu uku ake ƙirgawa a bidiyon: sau nawa yarinyar ta ɗago da kanta, a cikinsu sau nawa ta tarar da wani abu a fuskar uwar ko hannunta, sannan cikin kalmomi da alamun da uwar ta yi, nawa ne suka faɗa cikin idon yarinyar. Lamba ta biyu ce ta fi muhimmanci. Yaro yana ɗago kai ne in ɗagowar na biyansa. In ya duba sau goma bai samu komai ba, zai daina dubawa, kuma wannan dainawar ce ake kira "ba ta kula mutane".

Hujjar cewa laifin ba na kunne ba ne tana wajen kurame iyaye mata. A Jami'ar Gallaudet da ke birnin Washinton, Kathryn Meadow-Orlans da Patricia Spencer da Lynne Koester sun bi rukuni huɗu na uwa da jariri har zuwa wata 18: kurma da kurma, mai ji da mai ji, uwa mai ji da ɗa kurma, uwa kurma da ɗa mai ji. Spencer ta wallafa a 2000 cewa kuramen jarirai masu kuramen uwaye ba su gaza masu ji ba wajen haɗin hankali. Kuramen da uwayensu ke ji ne suka yi baya. A 2019 Rechele Brooks da Jenny Singleton da Andrew Meltzoff sun gwada jarirai 'yan wata 7 zuwa 20, suka ga kurame 'ya'yan kurame sun ma fi masu ji bin idon babba zuwa abin da yake kallo. Wani bincike na 1998 a kan 'yan wata 22 da uwayensu masu ji ya ƙara fito da inda gizo ke saƙa: kuramen na iya kai ido da komowa, amma haɗin hankalin da ke ɗauke da kalma ko alama ya yi musu ƙaranci ƙwarai. Ana tare, babu harshe a tsakani.

Abin da gidan ya ƙara

Akwai al'amuran da ba a ganin su a ɗakin gwaji na Turai amma suna nan a tsakar gida. Na farko goyo. Yaro mai ji a bayan uwarsa yana shan hira yini guda: cinikin kasuwa, gaisuwa, waƙar daka. Kurma a goye ƙeyar ɗankwali yake gani. Goyo na da amfaninsa, ɗumi da motsi da natsuwa, kuma babu mai cewa a bari, amma awannin goyo awanni ne marasa harshe ga kurma, sai an rama su ta wata hanya. Na biyu duhu. In babu wuta bayan magariba, hirar dare a tsakar gida ta rufe mata ƙofa gaba ɗaya. Na uku kunyar ɗan fari. Uwar nan ba ta kiran sunan yarinyar, kuma in surukarta na wurin ba za ta zauna gaba da gaba da ita tana zare ido tana kumbura kumatu ba. Mai ji zai tsira da wannan kunya don muryoyin gida sun ishe shi. Kurma kuwa fuskar nan da ake ɓoyewa ita ce makarantarta. Maganin da ya fi aiki shi ne a shigo da kakar cikin shirin tun ranar farko, ta ji bayanin da kunnenta, ita da kanta ta ce wa uwar ta saki jiki. Kaka kuma dama abokiyar wasan jika ce, babu kunya a tsakaninsu.

Tsarin da aka ɗora

An fara da zama. Uwa ta sauko daidai tsayin idon yarinyar, gaba da gaba ko ɗan karkace, tazara kamar mita ɗaya. Haske ya faɗa a fuskar uwar. In ta ba ƙofa ko taga baya, fuskarta inuwa ce kawai. Da dare fitila mai caji a ajiye ta gefen yarinyar tana haska babba. Abin wasa ɗaya ko biyu a tabarma, sauran a ɓoye.

Sai jira, wanda shi ne mafi wuya. Yarinya ta ɗauki ludayi, uwa ta yi shiru da baki da hannu, ta ƙirga a zuci har goma, idonta na kan fuskar yarinyar. Da zarar ta ɗago, a cikin wannan daƙiƙar za a ba ta abu: murmushi mai faɗi, alamar ludayi, kalmar a baki. Gajere, kalma ɗaya ko biyu, a kan abin da ke hannunta, ba abin da uwar ke so ta gani ba. Margaret Harris, wadda ta daɗe tana nazarin kurame uwaye a Ingila, ta nuna cewa ba sa yawan surutu da hannu ga ƙananan yara, amma mafi yawan abin da suka yi yaron ya gani, kuma ya dace da abin da hankalinsa ke kai. Uwa mai ji takan ɗauka yawan magana shi ne ƙoƙari. Alama biyar da aka gani sun fi hamsin da suka sauka a ƙeya.

In ta ƙi ɗagowa, akwai dabaru kafin a kai ga taɓa ta. A kai alamar inda idonta yake: a yi ta a kan kwanon ko dab da shi. A ɗauki abin da take so a kai shi kusa da kumatu, idonta zai biyo shi ya tarar da fuska. A yi alamar a jikinta: in tana kan cinya ta ba uwa baya, a zagayo da hannu a yi alamar ci a bakinta ita, ko alamar wanka a ƙirjinta. Nobuo Masataka ya nuna a Japan cewa kurame uwaye suna yi wa jarirai alama a hankali, da faɗi, da maimaici, kamar yadda mai ji ke lanƙwasa murya ga jariri. Sau uku zuwa biyar a jere ba ya yawa.

Taɓawa tana da ƙa'ida. Sau biyu, a hankali, da tafin yatsu, a kafaɗa ko dantse ko cinya. Ba a ka ba, ba a fuska ba. Ba a kama haɓa. Kuma kada a taɓa ta sai da abin ba ta a hannu, don taɓawa alkawari ce: juyo, akwai abu. A farko ba za ta san ma'anarta ba, za ta dubi wurin da aka taɓa ko ta share. A haɗa taɓawar da shigo da fuska cikin idonta har ta gane. In tana tsakiyar cusa murfi a gwangwani, a bari ta gama.

Sannan jerin nuni, wanda ya saba wa ɗabi'ar mai ji. Akuya ta shigo gida. Mai ji zai nuna da yatsa yana cewa "kalli akuya", idon yarinya ya tafi kan akuya, sunan ya ɓace. Jerin da ya dace shi ne a samu idonta tukuna, a yi alamar akuya, sannan a nuna. Ta kalla iya son ranta. A jira ta dawo da ido, a sake alamar, a ƙara abu ɗaya: akuya na ci. Haka wajen hoto a littafi ko a waya.

Ba a ware wani lokacin darasi mai tsawo ba. Minti 10 sau uku a rana, a manne da abin da dama ake yi: shan koko da safe, wanka, da wasan la'asar. An zaɓi alamu kamar 15 na farko daga rayuwarta: ruwa, nono, ci, ƙari, ya ƙare, zafi, barci, wanka, takalmi, kaza, akuya, mota, Baba, Kaka, da alamar sunanta. An kuma sa doka biyu ga duk gidan: ba a zuwa mata ta baya a ɗauke ta cak, kuma ba a fita daga ɗaki sai an nuna mata. Yaro mai ji yana jin ƙarar tukunya ya san uwarsa na madafa. Kurma in ta ɗago ba ta ga uwa ba, uwa ta ɓace ne kawai, kuma yawancin manne wa zane da kukan da ba a san dalilinsa ba daga nan suke.

Alamun kuwa daga bakin masu su ake ɗauko su. Kuramen ƙasar Hausa suna da harshensu, maganar hannu, wanda Constanze Schmaling ta yi nazarinsa a Kano ta wallafa a 2000. Makarantun kurame, irin ta Tudun Maliki a Kano da aka buɗe a 1977, sun fi amfani da alamun da suka samo asali daga na Amurka, waɗanda Andrew Foster ya shigo da su ta Ibadan a 1960. Ga 'yar wata 18 kowanne aka samu ya yi, in dai gidan ya tsaya a kan alama ɗaya ga abu ɗaya. Abin da ya fi kowane littafi shi ne a samu babbar mace kurma a unguwa ta riƙa zuwa ko sau ɗaya a mako. Uwar za ta ga jira da taɓawa da jerin nuni a hannun wadda ba ta taɓa sanin wata hanyar ba, yarinyar kuma ta ga babba irinta.

Inda ake tuntuɓe

Kuskure na farko shi ne wuce gona da iri. An gaya wa mutanen gida a riƙa taɓa ta, sai kowa ya shiga dungurinta, yayyen gida na kaɗa mata hannu a fuska, har ta koyi share kowa. Na biyu shi ne mayar da kowace ɗagowa jarrabawa: "mene ne wannan? yi alamar!" Tun 1972 Hilde Schlesinger da Kathryn Meadow suka lura cewa uwaye masu ji sun fi yi wa kuramen 'ya'yansu umarni da katsalandan. Ba mugunta ke kawo haka ba, tsoro ne da rashin hanyar hira. Amma yaron da duk kallonsa ke jawo masa aiki zai rage kallo. Na uku dogaro da karatun leɓe. A gwada a madubi: "baba" da "mama" kamanninsu ɗaya a leɓe, haka b da ɓ da m. K da ƙ da g can cikin baki ake yin su. Karin sauti, wanda Hausa ke rarrabe kalmomi da shi, ba ya fitowa a leɓe ko kaɗan.

Na huɗu shi ne jingine komai har a sayi na'urar ji. Na'urar na da amfani kuma a nema, a sa ta duk lokacin da yarinya ke farke, a duba batir kowace safiya, a sake ƙwaryarta da ake cusawa a kunne in ta yi sako-sako ta fara fito, abin da ke faruwa a kai a kai don kunnen yaro na girma. Amma a kurumtar da ta haura desibel 90 na'urar ba ta cika kawo magana tsaf ba, ƙarfinta na raguwa da an wuce mita ɗaya ko biyu, ƙarar janareta kuma na cinye ta. Ko yaran da aka yi wa dashen na'ura a cikin kunne suna buƙatar haɗin hankali kafin sautin ya zama ma'ana. Watannin da za a yi ana tara kuɗi, ƙwaƙwalwar yarinya ba ta jira.

Zamantakewa

Abu ɗaya ya kamata a gaya wa uwar ƙarara: shaƙuwarsu lafiya take. Amy Lederberg da Caryl Mobley sun gwada wannan a 1990, ba su ga bambanci a ƙarfin shaƙuwa da uwa tsakanin ƙananan kurame da masu ji ba. Abin da ke cikin haɗari shi ne fahimtar abin da ke zuciyar wani. Akwai gwajin da ake yi wa yara: 'yar tsana ta ajiye abu a kwando ta fita, wata ta mayar da shi akwati, sai a tambayi yaro ina ta farkon za ta nema in ta dawo. Masu ji kan ci wannan a shekara 4 zuwa 5. Candida Peterson da Michael Siegal sun nuna a Ostireliya a 1995 cewa kurame daga gidajen masu ji sukan makara da shekaru, binciken da ya biyo baya kuma ya nuna 'ya'yan kurame da suka tashi da maganar hannu ba sa wannan makara. Yaro mai ji yana tsintar "na ɗauka ka tafi", "ba ta sani ba", "ya manta" a hirar da ba da shi ake yi ba. Kurma sai an kawo mata har gaban ido. Shi ya sa bayan alamun abubuwa ake shigo da na zuci da wuri: so, ƙi, tsoro, fushi, mantuwa, ban sani ba. In ƙanin uba ya shigo yana dariya kowa ya kwashe, wani ya juyo ya nuna mata abin da ya faru, ko da alama biyu ne. In yaro ya ƙwace mata abin wasa, a nuna mata fuskarsa: yana so, ke ma kina so, jira. Birgimar da ake kuka da ita takan ragu ne a daidai lokacin da "ƙari" da "ya ƙare" da "jira" suka zauna a hannunta. Kuma a shirya wa ranar da wani dattijo zai ce yarinyar nan ta cika kafe manya da ido. A yi masa bayani, kada a hana ta.

Bayan wata uku a sake ɗaukar bidiyon, a wuri ɗaya da kayan wasa iri ɗaya, a sake ƙirga abu ukun nan. Alamun da ake nema su ne tana ɗagowa da kanta ba sai an taɓa ta ba, tana juyowa ga fuska in an taɓa kafaɗarta, tana kawo abu don a gani kawai ba don a buɗe mata ba, tana nuna abu da yatsa ta waigo ta ga ko an gani. In an gyara zama da jira da jeri yadda ya kamata amma har yanzu ba ta neman ido, ba ta nuni, ba ta mayar da murmushi, to a kai ta ga likitan yara a duba otizim, a kuma gwada idonta, don kurumta ba ta hana wata lalura zuwa tare da ita, kuma ƙaramar matsalar gani babba ce ga mai dogaro da ido.

Saura yaye, wanda ke tafe nan da 'yan watanni. Al'ada ita ce a kai yaro gidan kaka ya kwana biyu can ya manta da nono. Yaro mai ji ana lallashinsa da baki, yana jin ana cewa Umma na nan zuwa. Wannan yarinya za ta farka ne a ɗakin da ba ta sani ba, mutum ɗaya da ya iya jiran idonta ba ya nan. In kakar ta riga ta shiga shirin tana da alamun nan 15 a hannu, a kai ta, a kuma nuna mata tun kwana biyu kafin tafiya da hoton kakar a waya da ƙullin kayanta. In kakar ba ta koya ba, a yaye ta a gida.